Ragar Da Pogbi Ba Ta Saya Ba

Shekara uku Pogbi tana ɗaukar kabeji a ka daga lambunan bakin dam zuwa kasuwa, kafin ta tara kuɗin keke. A Wagadugu ta wancan lokaci, da safe ba ka jin komai a titi sai ƙararrawa da gaisuwa: mata bisa kekuna, goyo a baya, kwando a gaba. Ita ma abin da take so ke nan.

Ranar sayen, ta riƙo hannun 'yarta Wendyam, mai shekara huɗu, suka nufi rumfar tsoho Zerbo mai sayar da tsofaffin kekuna. Shi ɗan ƙabilar Samo ne, ita Mosi, ƙabilu abokan wasa tun kaka da kakanni, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Baiwata ta yi arziki!" in ji shi. "Yau ƙafa za ta huta?"

"Rufe baki, maci kare. Nuna mini mai araha, ba irin haƙoranka ba."

Ya fito da wani kore, fentinsa ya koɗe amma birkinsa lafiya. Ta hau, ta zagaya rumfar sau biyu tana dariya, Wendyam na bin ta da rawar warba, tana kaɗa ƙugu har masu faci suka yi tafi.

Zerbo ya dubi yarinyar. "A baya za ki riƙa ɗora ta? To, bari in sa miki raga a ƙafar baya da matakin ƙafa. Wayoyin ƙafar keken nan ba su san yaro ba."

"Ka ji Samo da wayo! Raga kuma, kifi zan kama?"

"Pogbi, wannan ba wasa ba ne."

Amma ita duk maganar da ta fito daga bakin Samo, wasa ce. "Mu ma a bayan keken iyayenmu muka girma. Ka ce wa yaro buɗe ƙafa, shi ke nan." Canjin da ya rage ta sayi kwando da ƙararrawa.

Watannin nan sun yi daɗi. Tana isa kasuwa kabejinta bai yi yaushi ba. Ranar Lahadi su zaga bakin ruwa, su ci wake da shinkafa, uwa na cewa "Buɗe ƙafa!", 'ya na amsawa da waƙa.

Wata azahar mai zafi suna komawa gida, waƙar ta tsaya. Barci ya sace Wendyam, ƙafarta ta saki. Pogbi ta ji feda ta yi nauyi, ta zaci yashi ne, ta ƙara takawa da ƙarfi. Sai ihu.

Wayoyin sun cinye dunduniyar har jijiyar agara. An yi ɗinki, rauni ya warke, ɗingishi ya zauna.

Zerbo ya zo dubiya da raga a hannu, ya ɗaura wa keken da kansa. Ranar bai kira Pogbi baiwa ba, ita ma ba ta iya ɗaga ido ba.

Wendyam ta girma. In ana warba a unguwa, tana gefe tana tafi.

Iyaye 'yan'uwana, yaro mai barci ba ya jin "buɗe ƙafa". Kafin ki ɗora ɗanki a bayan keke, rufe wayoyin, sa masa matakin ƙafa da takalmi. Kuma gargaɗi gargaɗi ne, ko daga bakin abokin wasa ya fito.