Ƙarfen Bakin Ƙofa

"Ya Hajja, ku baƙi ne. Ki kwashe kayanki kafin Juma'a," in ji sabon mai filin, katafila na ruri a bayansa.

Tsohuwar ba ta motsa daga ƙofar gidanta na unguwar Ƙuba a Madina ba. Ta shafa dogon ƙarfen da ke tokare da ƙyauren, bakinsa duk ya dakushe.

"Da wannan babana ya huda dutse, aka shimfiɗa wa jirgin ƙasa hanya ta ciki har Madina. Ƙurar ce ta ci ƙirjinsa. Kakanka kuwa daga Sham ya taho, ko ba haka ba?"

Ya gyaɗa kai.

"To, a zaune cikin jirgi ya ratsa ramin babana. Ya waladi, ɗana, wa ya tarar da wani?"