Kwalbar da Inna Ta Bari

Tun da Inna ta rasu, duk wanda kansa ya sara a dangi ƙofar Yaya yake nufa. Ita ce babbar 'ya, ita kuma ta gaji kwandon magunguna: kwalabe manya da ƙanana, da ƙullin saiwoyi a tsumma, babu ko ɗaya mai rubutu a jiki. Inna ba ta buƙatar rubutu. Ta buɗe murfi ta shinshina, shi ke nan ta san abin da ke ciki.

Allah Ya jiƙan Inna, mace ce mai hannu. Da toka take goge tukunya ta fito tana ƙyalli. Gawayi take ajiyewa a kabad ya shanye wari. In tari ya kama yaro, ta haɗa zuma da lemun tsami ta bi shi da cokali har ƙarƙashin gado. Sau da yawa Yaya kan tsayar da keken ɗinkinta tana tuna ɗakin nan mai ƙamshin citta da sabulu, kewa ta cika mata zuciya.

Sai dai a faɗi gaskiya, lokacin da Inna ke waɗannan haɗe-haɗe, Yaya ba ta taɓa zama ta koya ba. Inna ta ce, "Zo ki ga yadda ake yi." Ita kuma ta ce, "Ina zuwa." Tana nan tana zuwa har ƙasa ta rufe idon tsohuwa.

Wata rana da hantsi sai ga Auta, ƙanensu mai walda, ya shigo dafe da idonsa na hagu. Yana goge ƙarfe da inji ɓarɓashi ya faɗa masa. Abokan aikinsa sun ce ya wuce asibiti, ya ce bari ya fara biyawa ta wurin Yaya.

"Yaya, kamar yashi nake ji a ciki. Ko akwai wani abu a kayan Inna?"

"Kai dai ba za ka girma ba," in ji ta. "Ƙato da kai, ga gemu, kana ta zubar da hawaye. Zo nan ka kwanta."

Ta shimfiɗa tabarma, ya ɗora kansa a cinyarta. Ta laluba kwandon ta ciro wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa. Tana buɗewa ƙamshin kanumfari ya cika ɗakin. Nan take ta tuna kanta tana yarinya, kwance a cinyar Inna, an ɗaga mata haɓa, ga wannan kwalbar a hannun Inna. Ba ta yi shakka ba, ta ce a ranta ai wannan ce ta ido.

Auta ya ja numfashi ya ce, "Wallahi kamar Inna ce ta shigo."

Ta buɗe idon ta ɗiga. Ya zabura ya dafe fuska.

"Daure," ta ce, tana shafa masa kai. "Zafin nan shi ne aikin maganin."

Ta ɗaure masa idon da ƙyalle, ta ba shi kwalbar ta ce ya riƙa ɗigawa safe da yamma. Shi kuwa ya yi ta ɗigawa yana cije leɓe, don maganin Inna ne, daga hannun Yaya. Sai da idon ya kumbura ya fara ruwa, matarsa ta tasa shi gaba zuwa asibiti.

Likita ya cire ɓarɓashin, ya girgiza kai. Ya ce da a ranar ya zo, aikin ɗan ƙarami ne. Yanzu man ya ƙone baƙin idon, ciwo kuma ya ci ciki. Idon ba zai ƙara gani ba.

Da ƙanwar Inna, wadda suke kira Inna Ƙarama, ta zo jaje, Yaya ta miƙa mata kwalbar da ta karɓo daga wurin Auta. Tsohuwar ta shinshina, ta dube ta.

"'Yar nan, wannan ai man kanumfari ne, na ciwon haƙori. A auduga ake ɗigawa a danna a kogon haƙorin. Kin manta yadda haƙori ya wahalar da ke kina ƙarama? 'Yar'uwata ba ta taɓa sa wa ido komai ba sai ruwa mai tsabta. In abu bai fita ba, asibiti take kai ku."

Yaya ta karɓi kwalbar ta zauna a ƙasa. Kuka ma sai daga baya ya zo.

Auta bai koma walda ba, don hannunsa ya daina daidaita layi. Ya sayar da injin, yanzu gadin wani shago yake yi. Har gobe yana zuwa gaishe ta, bai taɓa ɗora mata laifi ba. Wannan haƙurin nasa ya fi zagi yi mata ciwo. In ta zauna ta hagunsa, sai ya juyo da kansa gaba ɗaya kafin ya gan ta.

Mai karatu, dabarun iyayenmu abin riƙewa ne, amma a koye su tun masu su na raye, a san na mene ne da yadda ake sa shi. Maganin da ba ka tabbatar da shi ba kada ka zuba wa kowa, komai ƙaunarka ga wanda ya bar maka shi. Ido kuwa ba wurin gwaji ba ne, in abu ya faɗa ciki a wuce asibiti a ranar.