Kujerar Baba a Bayan Igiya

Ina aji huɗu a firamare Baba ya goya ni a babur daga Sandamu zuwa Daura, don mu ga kujerarsa. Shi kafinta ne. Masu baje kolin kayan zamani sun karɓi wata kujera da ya yi da icen maɗaci, suka ajiye ta a zaure ɗaya da riguna da fitilu.

Babur ya yi faci a hanya, muka tura shi har cikin gari. Sai bayan la'asar muka isa, gwiwar Baba ta kumbura, yana ɗingishi. Can muka hango kujerar a lungu tana ƙyalli, an kewaye ta da jar igiya. Baba ya ɗaga igiyar, ya juya zai zauna.

"Baba, yi haƙuri, ba a zama," in ji mai gadi. "Ta kallo ce."

Na buɗe baki zan ce shi ya yi ta, sai ya matse min kafaɗa.

"To, Allah ya yi maka albarka," ya ce wa mai gadin. Ya cire takalmansa, ya zauna a kansu a ƙasa, ya miƙe ƙafa. Ya daɗe yana dubanta daga nan, sannan ya ce min a hankali, "Ashe ban goge ƙarƙashinta ba."

Yanzu na kai shekarunsa na ranar. Duk aikin da na gama aka yaba, ni ma inda ban goge ba nake gani, sai in ji jikina ya mutu.