Bangon Ɗakin Yaya

Baffa, tunda ka ce maganar wasiyya kiran mutuwa ce, kuma ai 'ya'yanka masu tarbiyya ne, ba ni aron hankalinka in kawo maka wani misali. In na gama sai ka ci gaba da shan furarka.

An yi wani magini, gwanin ginin ƙasa, wanda in ya yaɓe bango, tun yaɓen yana ɗanye yake bin sa da yatsa yana zane. Da ya tashi gina nasa gidan, kowace ƙofa sai da ya yi mata ado. Ta matarsa ganyen kabewa ne ke hawa yana nannaɗe ta, ta 'ya'yansa maza dagi da takobi, ta 'yan mata jinjirin wata da taurari. A can ƙuryar gida, gindin bishiyar lemo, nan ya gina wa yayarsa ɗaki. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta tauna ta sa masa a baki. Ta yi aure, mijin ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, ta dawo wurin ƙanenta idonta ya soma dushewa. Ranar da aka yaɓe ɗakinta, magini ya ɗaga yatsa ya kasa sauke shi. Duk zanen da ya faɗo masa a rai sai ya ga ya yi wa Yaya kaɗan. Ya ce bari ya jira wanda ya dace da ita. Kafin la'asar iska ta shanye ruwan yaɓen, bango ya bushe sumul.

Daga nan abin ya zame masa jiki. In rana ta yi sanyi sai ya shimfiɗa buzu a gaban bangon, ya zuba masa ido har ya fara ganin abubuwa suna motsi a kai. Ya ga kogin garinsu yana gangarowa daga saman ƙofa, balbelu farare suna tashi daga bakin ruwa, ga wata yarinya da goyo a baya tana tsallakawa, ta tattare zani zuwa gwiwa. Wata rana kogin ya rikiɗe ya zama reshen kuka, wata rana ya zama hanyar kasuwa da ƙurar jakuna. Yaya na zaune bakin ƙofa tana kaɗin auduga, shi kuwa yana ba ta labarin zanen da zai yi. Sai ta yi dariya ta ce, "Kai dai da mafarkin ido biyu! Zana mini ko kaza ce, in shafa in ji." Ya ce bayan damina zai kankare ya sake yaɓe. Damina ta wuce, wata ta zo, ita ma ta wuce. Haka kuma ya yi da maganar mallakar ɗakin. Limamin unguwa ya taɓa jan sa gefe, ya ce ya kira shaidu ya faɗa da bakinsa cewa ya ba Yaya ɗakin, domin 'yar'uwa ba ta cin gado in mamaci ya bar ɗa namiji. Magini ya yi murmushi ya ce, "Allah gafarta Malam, duk unguwar nan wa bai san ɗakin nan na Yaya ba ne?"

Wata safiya ya tafi duba wani soro, ya dawo da ciwon kai, ya kwanta, sai ta Allah ta kasance. Da aka share makoki aka zauna rabon gado. Magada da yawa, gida ɗaya, ba ya yankuwa, sai an sayar. Malamin da ke rabon ya tambaya ko marigayi ya bar wasiyya. Kowa ya ji shi yana yabon Yaya, kowa ya san labarin kogi da balbelu, amma babu wanda ya taɓa jin ya ce na ba ta. Manyan 'ya'yan suka ce sun yafe nasu rabon na ɗakin. Malam ya ce akwai ƙananan marayu a cikin magada, kuma babu mai ikon yin kyauta da haƙƙinsu. Babu mugu ko ɗaya a zaman nan, Baffa, kowa da hawaye ya tashi. Aka sayar wa wani ɗan kasuwa da zai rushe ya yi shaguna. Babban ɗan ya zo da mota zai tafi da Yaya birni, gidan bene, inda bango siminti ne da fenti. Kafin ta fita sai ta bi ƙofofin gidan tana shafawa: ga ganyen kabewa, ga dagi, ga jinjirin wata. Da ta iso tata ƙofar, ta daɗe tana yawo da tafin hannu a kan bangon, tana laluben kogi. Can ta danna yatsa, bango ya ƙi karɓa.

Ka ga, Baffa, hanyoyi ne birjik a gabansa. Da ya so, sai ya ba ta kyauta ya damƙa mata tun yana raye. Ko ya yi mata wasiyya cikin sulusin dukiyarsa, tunda ita ba magajiya ba ce. Ko ma ya tsayar da ɗakin wakafi ta zauna iya rayuwarta, ya naɗa amintacce ya kula, a rubuta, shaidu su sa hannu, duk ba abin da zai ci masa yini ba ne. Ƙauna kam yana da ita, ita ce ma ta sa ya tsaya jiran abin da ya fi kyau. Ni dai duk sanda na shigo gidan nan na tarar da 'yar'uwarka Gwaggo zaune bakin ɗakinta tana tsintar shinkafa, sai in kalli bangon bayanta. Ba banza Hausawa suka ce, tun ran gini, tun ran zane.