Azarar Sarkin Magina

Duk shekara, kafin ruwan farko, sai Mode ya ɗaure jakinsa a ƙofar ɗan cocin nan da ke lungun Sabon Garin Sakkwato. Tun daga Horo Birni yake tahowa, tsoho da shi, ga tasbaha a hannu, wai kallon gini ya zo. Yohanna mai gadi har ya gaji da tambayarsa.

Ginin kuwa ya isa kallo. Akawunan Bature 'yan Kudu aka yi wa shi, amma hannun Hausawa ne: bakan gizo huɗu masu ɗauke da rufin sun haɗe a tsakiya, azara ta jeru reras, bango ya sha zane da farar ƙasa. Saboda aikin nan Di'o, Baturen mulki, ya sa baki aka naɗa Hammadu na Bodinga Sarkin Magina. Ranar naɗin ya bugi ƙirji gaban jama'a: "Ran da wanga rufi ya zube, a tuɓe min rawani tsakiyar kasuwa!" Yo ina ruwan Hammadu da kunya? Mutumin da leburansa Maniru ya faɗo daga kan bango ya mutu, ya ce a ja shi gefe, kada Bature ya tarar ana zaune.

Mode bai cika damuwa da zanen ba. Kai yake ɗagawa, ya ƙwanƙwasa azara da sandarsa, ya kasa kunne, ya girgiza kai, ya koma gida.

Bana da ya ƙwanƙwasa, sai ta amsa kamar an bugi ƙwarya. Wani jan gari ya zubo masa a tafin hannu. Ya murza, daɗi ya kama shi, wallahi har da ƙwalla.

"Yohanna," in ji shi, "daminar ga ku yi ibadarku gindin tsamiya. Kada kowa shi zamna cikin ɗakin ga. Ba da ku nika yi ba."

Yohanna ya saki baki yana kallonsa yana kwance jaki.

Kowane magini ya san azarar namijin giginya ta fi ƙarfin gara, ta macen kuwa tuwonta ce. Hammadu ma ya sani, sai dai a lokacin idonsa na kan rawani, bai tsaya kankare lakar da mai saran giginya ya shafe azarar da ita ba. Mai saran kuwa Mode ne, ya zaɓo matan giginya zalla, yana dawowa daga binne ɗansa Maniru.