Sunan Amarya a Kalanda

Ana gobe ɗaurin aure kalandun biki suka iso Zongo. Amarya Su'ada ta zaro ɗaya. Ga hotonta da angonta Jibrilla, amma a ƙasa an buga "Jibrilla da Salamata". Salamata kuwa babbar ƙawarta ce.

Jibrilla ya yi dariyar yaƙe. "Kin san rubutuna, tonon kaza ne. Mai bugawa ne ya kasa karantawa."

"Tonon kaza ai yabo ne," in ji Gwaggo Indabo, ƙanwar mahaifin amarya. "Kaza in ta tona tana samun tsaba. Naka jagwalgwalo ne, ko likita sai ya nemi tafinta."

Aka yi dariya, har Su'ada ta ɗan saki fuska. Gwaggo ta sa Jibrilla ya ɗauke ta a ɗan babur ɗinsa mobilet zuwa shagon mai bugawa a unguwar Paspanga don a sake bugawa. Suna isa ta wanke mai shagon tas.

Mutumin ya bari ta gama, sannan ya ɗauko takardar da Jibrilla ya rubuta masa.

"Hajiya, gaskiyarki. Ranar bikin cankar ta na yi. Sunansa ma kamar tsutsa ta faɗa tawada." Ya ɗora yatsa a layin ƙarshe. "Amma nan ya natsu. Duba ki gani."

Harafi bayan harafi, tsaf, har da ɗan fure a gefe: Salamata.

Gwaggo ta ninke takardar ta jefa a jaka. "Ango, ashe ka iya rubutu. Mu je gida ka karanta wa amarya."