Tarwada Marar Zobe

Tun da kifin fadamarmu ya ƙare, hukuma ce ke sako nata, kowanne da zoben ƙarfe a leɓe, kuma ba sa yin ƙwai. Duk wanda aka kama da marar zobe, a ƙwace masa kwalekwale. Da nawa kwalekwalen nake ciyar da 'ya'yana.

Yau da hantsi matata Kande tana gyaran abin da na kamo, sai ta tsaya cak.

"Malam, wannan tarwadar ba zobe. Ga ƙwai fal cikinta."

A unguwarmu kowa ya san ƙarar zobe in an cire shi daga leɓen kifi an jefa a tasa, ga maƙwabcina Jibo ƙanensa ɗan sintirin hukuma ne.

"Maƙwabci," in ji Jibo ta kan katanga, "na ji ƙarni, ban ji tasa ba."

Kande ta zare ɗan kunnenta ta jefa a tasa. Ƙal!

Jibo ya yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Uwargida, na hukuma ya fi haka nauyi. In an soya, a sam wa yarana ƙwan. Ba su taɓa gani ba."

Mun soya. Har yanzu ina riƙe da kwanon ƙwan a ƙofar gida, ban sani ba ko roƙo Jibo yake yi, ko shaida yake nema.